Karen da Muka Zaɓa Don Ya Kwana a Waje

Haidar, Ummi, na ji ku ranar nan a bayan mota kuna ba abokinku labarin Ƙanƙara da Turancinku mai gudu, kuma na ji inda kuka ƙare: wai kakarku ta zo daga Kano, ba ta son karnuka, ta sa aka kore shi. Na ci gaba da tuƙi. Amma maganar ta biyo ni har gida, ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan tun yanzu, tun kaina bai san furfura ba, kuma da Hausa. In kun girma kuna son sanin yadda aka yi, sai ku zauna ku sha wahalar karantawa a harshen da ita ta yi maganarta.

Shekarar da muka bar Harlem ce. Kun tuna gidan can, hawa na huɗu, da mutumin ƙasanmu mai dukan silin da sandar tsintsiya duk lokacin da Haidar ya diro daga kan kujera. Ku mutanen gudu ne, ku da Abbanku. Shi kullum da safe sai ya zaga unguwa kafin ya tafi asibiti wurin aiki, ranar Lahadi ƙwallo, ke kuma Ummi ba ki taɓa ganin ƙarfe a tsaye kin bar shi ba sai kin hau. Ni kaɗai ce mai zama a gidan, mai jingina da taga tana kallon girgije har shayinta ya huce. Da muka samu ɗan gidan katakon nan na Port Richmond, siriri, mai fili a baya da shinge da wata rumfar ajiye kaya, ranar farko ko takalma ba ku cire ba kuka yi ta zagaya filin har kuka faɗi. Kana kwance a ciyawa kana haki, Haidar, ka ce yanzu ai za mu iya ajiye kare.

Ku gane inda na fito. A unguwarmu a Kano kare abin jifa ne. Wanda ba a jifa, ko na mafarauta ne ko na gadin gidan masu hali, kuma kowanne iyakarsa bakin ƙofa. Ban taɓa ganin wanda ya shafa kan kare ba sai da na zo ƙasar nan, na ga ana sa musu riga ana tura su a keken jarirai. Na ɗauka Abbanku zai yi dariya ya kashe maganar. Amma kun yi ta naci, kaka ta wuce kuna naci, shi kuma ashe yana sha'awar abokin gudu. Wata ranar Asabar muna karyawa ya ajiye kofi.

"Na gadi ai ya halatta," ya ce, ba ya kallona. "Gida ne mai fili, unguwar kuma ba mu san ta ba tukuna."

"Gadin me? Kekunan yara?"

"Ke dai ki ji sharaɗi. Ba zai shigo ɗaki ba. Ba mai dalalar da miyau ba, saboda kayan salla. Ba mai cizo ba. Ba mai haushin da zai tara mana jama'a ba. Ke ce mai zama cikin littattafai, Safiyya, ki bincika mana irin da ya dace."

Haka aka ɗora min. A ɗakin karatun jami'ar da nake aiki, lokacin cin abincin rana, sai in ja kujera can lungu inda ba wanda zai leƙa allon kwamfutata, in yi ta karanta jinsin karnuka kamar mai shirin jarrabawa. Ban san suna da yawa haka ba, kowanne da halinsa kamar dangi. Kusan duk inda na duba, labrado ake yaba wa masu yara: mai haƙuri, mai son wasa, ba ya gajiya da ɗauko ƙwallo. Amma shi gaisuwarsa lasa ce, kuma ba ya son komai kamar ya kwanta a ƙafar mutanensa a falo. Na tsallake shi. Boksa kuwa hotonsa kaɗai na gani, leɓe a zube, na rufe shafin. Irin karen 'yan sanda yana gadi sosai, amma yana da haushi, kuma na tuna yadda gabana ke faɗuwa in na gan su a tashar jirgi. Na nuna wa Abbanku fudul, mai gashi a nannaɗe wanda ba ya zuba, ya ce shi ba zai yi gudu a titi da tunkiya ba.

Sai na zo kan haski. Karen ƙasashen ƙanƙara, mai riga biyu a jikinsa, wanda ke iya naɗe hancinsa da jela ya yi barci a kan dusar ƙanƙara. Ba ya dalala. Ba ya wari. Haushinsa kaɗan ne. Yana da sanyin hali da yara, kuma an halicce shi ne don gudu. Kamar an ɗauki sharuɗɗan Abbanku an yi musu ƙafa huɗu. Babbar damuwata dama ita ce sanyin New York, yadda za mu bar rai a waje cikin hunturu, ga shi kuwa an ce wannan sanyin ne abincinsa. A ƙasan shafin akwai wasu layuka: ba ya jure kaɗaici, yana kuka mai tsawo, ba ya gadi don kowa abokinsa ne, yana zubar da gashi, zafi yana wahalar da shi. Na karanta su, idona ya bi ta kansu kamar yadda ake bin sunayen tashoshin da ba a nan za a sauka ba. Hankalina yana kan hoton. Idanu shuɗaye kamar sararin safiya bayan ruwan sama. Na zauna ina ganin ku a gaba, shi a baya, fari cikin fari, ni kuma a taga ina rubuta waƙa a kai.

Muka ɗauko shi farkon sanyi, ɗan kwikwiyo mai fari da toka. Abbanku ya raɗa masa Ƙanƙara, ku kuka gajarta shi yadda harshenku ya iya. Aka gyara masa rumfar nan, aka shimfiɗa ciyawa busasshiya, aka sa fitila mai ɗumi. A bakin ƙofar baya na kafa ƙusa uku na rataya abin da muke kira kayan kare: in za ku fita wurinsa ku sa, in kun dawo ku tuɓe, ku wanke hannu har gwiwa. Hunturun nan na farko, ba zan ɓoye ba, ya yi daɗi. Ya girma kamar ana hura shi. Abbanku ya daina fita gudu shi kaɗai, Haidar ya daina tsalle a kan kujeru, kuna dawowa kumatu sun yi sanyi kuna dariya. Ni ban taɓa shi ba ko sau ɗaya. Ina wanke-wanke, shi yana zaune a bayan ƙofar gilashi yana kallona, numfashinsa yana yin hazo a jikin gilashin. In kun tafi makaranta haka yake wuni.

Kunya ta fara zuwa min ta gefe biyu, kuma ban san wadda ta fi zafi ba. Maƙwabciyarmu ta dama, tsohuwar baturiyar nan mai ɗan kare kamar ɓera, ta tare ni a shinge ta tambaye ni da murmushi ko lafiya yake kwana a waje. Na yi mata bayanin riga biyu da jela a kan hanci, kamar mai karanto darasi. Ta gyaɗa kai. Washegari na tarar da bargo a ninke a kan shingen, ba ko takarda. Na ɗauke shi ina jin kamar an kama ni ina hana maraya abinci. Ta ɗaya gefen kuma, wata safiya a jirgin ruwan da ke tsallaka mu zuwa Manhattan, na zauna kusa da Anti Memuna, 'yar Kumasi ɗin nan da ke aikin kula da tsofaffi, wadda muke haɗuwa a masallaci. Muna hira sai ta sa yatsa biyu ta tsinci wani farin gashi a kafaɗar baƙar abayata. Ta ɗaga shi a haske. Ta tsinci wani.

"Ei, Safiya. Tsohon bature kin aje a gida ne?"

"Na… na cikin mota ne, Anti."

"Mota na da gashi yanzu? Ni na san wannan gashi, kullum ina share shi gidan mutane. Ni ana biya na in taɓa kare, ke kin kai kuɗinki kin sayo." Ta yi dariya har mayafinta ya zame, sannan ta dafa gwiwata. "Kar ki damu, bakina ƙanin ƙafata. Amma ki sayi buroshi kafin Juma'a."

Sai kuma kukan. Ya fara ne da jiniyar motar asibiti: in ta wuce sai ya ɗaga kai sama ya ja wata murya doguwa, mai lanƙwasa, kamar ana zare ta daga ƙasan rijiya. Ku dariya kuke yi. Wata la'asar agogon kiran sallar da ke kicin ya ɗauka, taga a buɗe, sai muka ji daga bayan gida an amsa. Abbanku ya dube ni, na dube shi. Ya miƙa hannu ya rage muryar agogon har sai wanda ke tsaye a gabansa ne zai ji. Daga ranar, a gidanmu, kiran salla raɗa ya koma saboda kare. Na daɗe ban iya faɗa wa kaina wannan jimlar ba.

Da itatuwa suka fara toho Hajiya, mahaifiyar Abbanku, ta zo. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, har ta kai ba ta gane fuska sai murya, kuma Abbanku ya shirya a yi mata aiki a nan. Ya ce zai gaya mata maganar karen a waya. Sannan ya ce a hanyar filin jirgi. Sannan ya ce a bari ta huta. Mutumin da ke tsayawa gaban manyan likitoci ya yi gardama, in ya durƙusa gaban uwarsa sai ya koma ɗan shekara bakwai. Ni kuwa suruka ce, ko abinci ba na iya ci a gabanta. Da muka ga ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta, sai muka bar maganar ta kwanta, ba tare da mun taɓa zama mun ce mu ɓoye ba. Aka sayo sarƙa aka ɗaure Ƙanƙara can bayan rumfa don kada ya zo yana karce ƙofa. Gudun safe ta ƙofar gefe ake fita da shi. Ku kuma aka ce ku rage wasa a fili. Turancin nan da kullum nake muku faɗa a kai, shi ya zama mana mayafi: a gabanta, a kan tabarma ɗaya, muke tambayar juna ko an ba shi ruwa.

Ɗakin ƙasa muka ba ta, mai taga ta baya, saboda matakala. Kwana biyu da zuwanta ta ce:

"'Yar nan, gidan nan ba a kiran salla ne? Ko sai na yi ta tambayar takwarata ƙarfe nawa?"

Ke ce takwarar, Ummi, sunanta kika ci. Da gudu kika je kika murɗa agogon har ƙarshe, kina jin kin yi abin kirki. Magariba ta yi. Agogo ya ɗauka, daga bayan rumfa Ƙanƙara ya ɗauka, kuma yanzu da yake wuni a ɗaure shi kaɗai, kukan ya fi na da tsawo. Hajiya na riƙe da carbi, na ga yatsunta sun tsaya.

"Na wane ne?"

"A unguwar nan kowa da karensa, Hajiya," na ce, kaina a ƙasa.

Ba ta ƙara tambaya ba. Amma daga nan ta fara canzawa, a hankali, yadda ganye ke yi in an daina ba shi ruwa. Ta rage cin abinci. Ta daina tsokanar Haidar da maigidana, ina cefanen yau. Wata rana ta kira Ummi ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta sa mata a tafin hannu. Wata rana ta ba ni atamfofinta biyu da ba a ɗinka ba, ta ce in ajiye. Ina yi mata tausar ƙafa ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, wai a nan in mutum ya cika, da gaske a akwati ake sa shi? Ni da wautata na ɗauka kewar gida ce. Sai da ranar aikin ta matso, ta sa aka kira mata Abbanku. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Kai, ka nema min jirgi. Aikin nan na fasa."

"Hajiya, aikin ba wani abu ba ne, ko kwana ba a yi. Likitan ya ce…"

"Kai ka ji likita, ni na ji abin da na ji. Shekarar da mahaifinku zai rasu, haka wani ya zo bayan katangarmu ya yi ta yi. Wannan kuwa ko ɓata lokaci ba ya yi, sai an kira salla yake tuna min. A bayan tagata, ba tagar kowa ba. Ban ƙi tafiya ba, kowa mai tafiya ne. Amma a mayar da ni inda za a sa ni a ƙasar da na sani."

A kicin na tare shi, muna magana da raɗa kamar ɓarayi. Na ce ya gaya mata. Ya ce da wane bakin, bayan duk makonnin nan? Dabararsa ita ce ya kai Ƙanƙara gidan wani abokinsa na ɗan lokaci, in kukan ya ɗauke hankalinta zai kwanta. Aka kai shi. Azahar ta yi shiru, la'asar ta yi shiru. Na shiga da fara'ata na kai mata kunu, na tarar tana ninke kayanta da lalube.

"Kin ji ya daina ko? Ya isar da saƙonsa."

Mai gidan da abokin ke haya ma bai yarda ba, kwana kaɗan aka dawo mana da shi. Abbanku ya fara duba kuɗin jirgi da gaske, yana cewa wataƙila in ta huta a gida a sake dawowa da ita baɗi. Na san ba za ta dawo ba. Za ta koma Kano ta zauna cikin hazo har ƙarshen ranta, tana jiran mutuwar da kare ya yi mata alkawari, karen da ni na zaɓo saboda launin idonsa.

Wata ranar Talata na dawo aiki da wuri. Ke kaɗai ce a gida da ita, Ummi. Na ce ki ɗauko sarewar robar nan da aka ba ku a makaranta. Na shiga ɗakin Hajiya na durƙusa a bakin katifarta. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa fara yi mata magana ba sai ta fara.

"Hajiya, a gafarce ni, akwai magana."

"Ina ji."

"Karen nan… namu ne. A bayan gidan nan yake, ɗaure. Tun kafin a zo yake. Irinsu haka suke, duk abin da ya ja murya sai su bi. Ko jiniya ce, ko waƙa. Ba saƙo ba ne, Hajiya. Agogon yake bi."

Na ji motar shara tana wucewa a titi. Na ce ki buɗe taga ki busa, Ummi. Kika busa wannan waƙar taku ta makaranta, kina kuskure, kina sakewa. Ba ki kai rabi ba ya ɗauka daga bayan rumfa, da dukan zuciyarsa, yana hawa yana sauka tare da ke. Kika fashe da dariya kika kasa ci gaba. Shi ma ya tsaya. Kika sake busawa, ya sake ɗauka.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Fararen idanunta suna kan inda muryata take.

"Kina kallona ina rabon kayana."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

"Kina matsa min ƙafa, ina tambayarki akwati." Ta juya fuska ga bango. "Tashi ki je."

Abin da ta gaya wa Abbanku da ya dawo, a bayan ƙofa ne, ban ji duka ba. Na dai ga ya fito idanunsa jajur. Abin da na ji shi ne na ƙarshe, don ta ɗaga murya:

"A kai ni a buɗe min idon. Gidan nan, na lura, sai mutum ya gani da kansa."

Daga ranar ta daina ce min 'yar nan. Ba ta zage ni ba, ba ta ƙi abincina ba. Sai dai in tana son abu, ko ina tsaye a gabanta, sai ta ce, takwara, ce wa uwarki a ƙara gishiri. Na gwammace duka.

Aka yi aikin, ido ɗaya sannan ɗayan, lokacin zafi ya riga ya sauka, irin zafin garin nan mai ɗanko da ke manne wa mutum riga. Ranar da aka cire mata rufin ido na biyu, ta dawo ta bi fuskokinku da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce Haidar ashe ya yi baƙi haka, ita ta fasa auren. Sannan ba ta zauna ba. Ta ratsa kicin da kanta, ba mai riƙe ta, ta tura ƙofar gilashi ta fita. Muka bi ta a baya kamar masu laifi a kotu.

Ƙanƙara ya tona rami a gindin shinge inda inuwa ta rage, ya kwanta a ciki, harshe a waje, haƙarƙarinsa yana sama da ƙasa. Gashinsa yana fita dunƙule-dunƙule, ya manne a ciyawa da jikin sarƙa. Inda sarƙar ta kai, ya tattake ƙasa ta zama da'ira, ba ko tsiro. Kullum muna ganin wannan. Da ya ga mutane ya miƙe, yana kaɗa jela, ya taho har sarƙar ta fizge shi. Hajiya ta daɗe tana kallo.

"Ashe fari ne," ta ce. "Idon nan, haka Allah ya yi shi?"

"Haka yake, Hajiya," in ji Abbanku.

"Gadi yake yi?"

"A'a. Kowa ya gani so yake."

"Farauta?"

"A'a."

"To me ya kawo shi?"

Wannan karon ni ta duba, da sabon idonta, karon farko. Na lissafa mata: ba ya miyau, ba ya wari, ba ya haushi, yana jure sanyi, zai iya kwana a waje.

"Zai iya," ta maimaita. "Ni ma na iya zama cikin duhu." Ta sake juyawa gare shi. "Mafarauci a daji yake kwana da karensa. Mai gadi da nasa yake hira. Wannan da wa yake? Kun ɗauko ɗan ƙasar sanyi kun shanya a rana, kun ɗaure shi a inda ba ya ganin kowa, ya yi kuka kun ce halinsu ne. Wannan hakki, wa zai ɗauka a cikinku? A kwance shi."

Abbanku ya kwance. Ƙanƙara ya zaga filin a guje har sau ban san nawa ba, ya zo ya zube a gabanta, nesa kaɗan, kamar ya san iyakarsa.

"Ɗaki dai ba zai shiga ba," ta ce, "ba inda ake sa goshi ba. Waje kuwa kun ga abin da ya yi masa. Ku nema masa mutanensa."

A nan ne ka fashe, Haidar. Ka yi ta magana da Turanci kana kuka, ka ce ba adalci, ka ce ita ba ta ma san shi ba. Ta bar ka ka gama.

"Maigida, ban ji ba, amma na gane."

Wannan ne kuka riƙe, na sani. Abin da ba ku sani ba shi ne, bayan kun hau sama, ni da Abbanku mun zauna a matakalar baya mun tambayi juna: in Hajiya ta koma, za mu shigo da shi? Ya kwanta a falo, a kan kafet ɗin da muke shimfiɗa sallaya? Ba za mu iya ba. Ba mu taɓa niyya ba. Akwai Musulmin da suka iya, na san wasu, ban ce sun yi laifi ba. Mu dai ba haka aka gina mu ba, kuma mun san hakan tun ranar da muka je neman karen da zai zauna da mu ba tare da ya zauna da mu ba. Ita faɗa kawai ta yi.

Kafin a samu inda za a kai shi, ba a sake ɗaure shi ba. Ita ta sa aka riƙa zuba masa ƙanƙara a baho yana shiga yana kwanciya. Da la'asar sai ta sa a fitar mata da kujera bakin ƙofa, ta zauna da kwanonta, ta tsame naman miyarta tana jefa masa, tana cewa, "Ungo, mai labarin ƙarya." In agogo ya kira ya ɗauka, sai ta ce, "An ji, an ji," ta tashi ta yi alwala. Tsohuwar baturiyar ma ta leƙo ta shinge ta ɗaga mata hannu, suka yi wa juna murmushi ba harshe.

Wata mata da ke gudu tare da Abbanku ce ta karɓe shi. Ita da mijinta suna zaune can arewa da birni, inda dusar ƙanƙara ke daɗewa, kuma suna da wata irinsa mace da ke kwana a ƙafar gadonsu. Ranar da suka zo kun ƙi saukowa. Abbanku yana sa kwanoninsa da bargon maƙwabciya a bayan motarsu, aka bar ni riƙe da igiyar. Ya zauna a gabana ya ɗago kai, da idanun nan da na gani a allon kwamfuta. Kusan shekara yana kallona ta gilashi. Ban san lokacin da na sunkuya na ɗora hannuna a kansa ba. Gashin yana da laushi fiye da yadda na zata, ƙarƙashinsa kuma ɗumi, da wani ɗan bugu a gefen kunne. Ya lumshe ido. Ya tura kansa cikin tafina kamar dama abin da yake jira ke nan.

Da motar ta sha kwana na juyo, na ga Hajiya a bakin ƙofa. Ta ga komai, yanzu ba abin da ba ta gani. Na riƙe hannun nesa da jikina, na raɓa ta gefenta zan wuce famfo, fuskata kamar wuta. A kicin agogo ya fara kiran la'asar, da cikakkiyar muryarsa. Dukanmu biyu muka tsaya, muna sauraron bayan gida.

Ba a amsa ba.

"Ina za ki?" ta ce.

"Zan sake alwala, Hajiya."

"Kansa kika taɓa, ba wani abu ba. Alwalarki tana nan, 'yar nan. Shimfiɗa mana sallaya."